Ina Muka Kai Gaisuwar Baƙo?

Daga Sakataren Reshen Libreville, ƙasar Gabon

A wannan karo mun ɗauko alƙalami ne daga Akanda, wato gefen birnin Libreville ta arewa, domin mu yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wanda da yawa daga cikinmu suke ganin bai kai a ɓata takarda a kansa ba. Al'amarin kuwa shi ne yadda gaisuwa take mutuwa tsakaninmu da mutumin da ba mu sani ba.

Ga abin da ya tayar da maganar. Ana saura kwana 5 Babbar Sallar da ta wuce, wani yaro ɗan shekara 19, ɗan wani makiyayi daga yankin Ngaundere ta ƙasar Kamaru, ya iso nan da raguna 14 na mahaifinsa. Motar da ta ɗauko shi ta sauke shi da sassafe a bakin hanya kusa da babban filin ƙwallo na Angondje, inda aka yi da mai masaukinsa za su haɗu. Sai aka yi rashin sa'a wayarsa ta mutu saboda kwanakin da ya yi a hanya, lambar mai masaukin kuwa tana cikin wayar, bai haddace ba, kuma ba a rubuta masa a takarda ba. Yaron nan ba ya jin Faransanci, daga Fulatanci sai Hausa. Haka ya tsaya da ragunansa cikin rana tun daga hantsi har la'asar, kunya ta hana shi tare mutane, mutane kuma ba su tare shi ba.

A ƙarshe wata tsohuwa 'yar ƙasa mai sayar da ƙullin rogo a gefen hanya ita ce ta lura da shi. Ta ce masa "mbolo", wato sannu a bakin mutanen nan, ta ba shi ruwa ya sha, ta kawo bokiti ta shayar da ragunan, sannan ta aiki jikanta ya kirawo wani mai tsire Bahaushe da ke can gaba. Kafin a kai ga haka rago biyu sun riga sun kwanta don ƙishirwa da wahalar hanya, ɗaya ma dole aka sa masa wuƙa aka sayar da naman a wulaƙance.

Da muka zauna taron reshe bayan Sallah aka tayar da zancen, sai ta bayyana cewa aƙalla mutum 3 daga cikin 'yan ƙungiyarmu sun ga yaron a ranar. Ɗaya ya ce ya ɗauka wani yake jira. Ɗaya ya ce sauri yake yi. Na ukun, wanda yana cikin shugabannin reshe, ya amsa da bakinsa cewa ya tsayar da mota, ya sauke gilashi ya tambayi kuɗin babban ragon, da ya ji yaron ya ce ba shi ne mai sayarwa ba sai ya ja motarsa. Ya taya rago, bai gai da mai rago ba. Ba mun kawo wannan don mu tozarta kowa ba ne, domin kuwa duk wanda ya zauna a taron nan ya san da shi ne ya bi hanyar, da wuya ya yi abin da ya fi haka.

Idan 'yan'uwa ba su manta ba, wannan sana'a tamu tun asalinta a kan karɓar baƙo aka gina ta. Ƙasar Gabon ƙasar kurmi ce, tsando ya yi yawa, saniyar arewa ba ta daɗewa a cikinta sai sammore ya kama ta. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 2, kuma kusan 9 cikin 10 a birane suke zaune, saboda haka yawancin naman da ake ci daga waje yake zuwa. Wani ya zo a daskare cikin jirgin ruwa ta tashar Owendo, wani kuma ya zo da ransa ta hannunmu. Shanu su taso daga Adamawa ta Kamaru, wasu ma tun daga Cadi, a loda su a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde ko a sa su a manyan motoci, su bi ta Ebolowa da Ambam, su ƙetare kogin Ntem, su shigo Bitam, su wuce Oyem da Mitzic da Njole da Kango da Ntum, sannan su iso Libreville. A duk tsawon wannan hanya babu inda falke yake da gonar ubansa. A kowane zango baƙo ne, kuma a kowane zango akwai wanda ya karɓe shi.

Mu da muka fara bin wannan hanya muna samari a bayan mota tare da shanu, mun tarar da tsarin yana nan da ransa. Mutum ya sauka a garin da bai taɓa takawa ba, ya tambayi unguwar Hausawa, ya yi sallama a ƙofar fatoma. Kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi an ba shi ruwa, an shimfiɗa masa tabarma. Daga nan sai a shiga gaisuwa: ina gajiya, ina hanya, yaya ka baro mutanen gida, yaya ruwa a wajenku, yaya shanu, ɗan gidan wa ne kai, wane Arɗo kake bi. Kafin a gama, mai gida ya gane wanda yake gabansa, baƙo kuma ya gane hannun da ya faɗo. Fatoman nan shi zai ba ka ɗaki da abinci, ya haɗa ka da dillali, ya sayar wa mahauta shanunka a kan lamuni, ya tsaya maka har kuɗinka su fito, ya kuma ajiye maka su har ranar tafiyarka. Dukiya mai yawa tana wucewa daga hannu zuwa hannu ba takarda ba sa hannu, sai magana da la'ada.

Wannan tsari ba a Gabon kaɗai aka san shi ba. Haka yake a zangon Kumasi, haka yake a Agege ta Ikko, haka yake a Sabo ta Ibadan. Har wani Bature mai suna Abner Cohen ya je ya zauna a Sabo yana nazarin yadda masu masauki suke tsayawa tsakanin fataken arewa da mahautan Yarbawa, ya fitar da littafi a kai a shekarar 1969. Abin da ya ba masu ilmi mamaki har suka rubuta shi, mu a wurinmu abin yau da kullum ne, kuma ƙofar shigarsa ita ce sallamar nan da muke rainawa yanzu.

Bugu da ƙari, gaisuwa ita ce rediyonmu na da. A cikinta ake jin inda ciwon huhu ya ɓulla a kauce masa, a ji kasuwar da ta faɗi da wadda ta tashi, a ji shingen da jandarmomi suka tsananta, a ji gadar da ruwa ya cinye. Mutumin da ka gaisa da shi a tasha na minti 10, wanda ba za ka sake ganinsa ba har abada, yana iya gaya maka kalma ɗaya da za ta tsirar maka da garke guda.

To, me ya same mu? A ganinmu abubuwa da yawa ne suka taru.

Na farko shi ne irin ginin da muke zaune a ciki. Akanda gari ne sabo, a shekarar 2013 aka yanke ta daga Libreville aka ba ta nata magajin gari. Tun da aka gina filin ƙwallo na Angondje domin gasar cin kofin Afirka ta 2012, unguwanni irin su Angondje da Okala da Avorbam suka cika da sababbin gidaje. Gidajen suna da kyau, amma kowanne da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, wani da mai gadi, wani da kare. Babu zaure, babu dakali a ƙofar gida, babu inuwar da dattijo zai zauna mai wucewa ya yi masa sallama. Mutum ya fito daga ɗaki ya shiga mota a tsakar gida, ƙofa ta buɗe ta rufe. Akwai 'yan'uwanmu da Allah Ya buɗa wa suka yi gini a nan, sun shekara 5 ba su san sunan wanda suke haɗa katanga da shi ba.

Na biyu wayar hannu. Ba mu ƙi ta ba, domin ta rage mana wahala ƙwarai, da ita muke jin motarmu ta wuce Oyem lafiya. Amma ta sa kowa yana ganin ya wadatu da mutanen da ke cikin aljihunsa. A da idan mutum ya shiga tasi a Libreville sai ya gai da waɗanda ya tarar, kafin a sauka an san juna. Yanzu mutum 4 a mota ɗaya, kowa kansa a sunkuye. Hatta a wurin sayar da dabbobi sai ka ga saurayi ya zo ya ɗauki hoton sa ya aika ta WhatsApp, yana ciniki da wani da ke nesa, mai san yana tsaye a gabansa ko kallo bai ishe shi ba.

Na uku tsoron takarda. Manya daga cikinmu suna tune da abin da ya faru bayan an karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994. A ƙarshen shekarar hukuma ta ba baƙi marasa katin zama wa'adi, kuma kafin wa'adin ya cika a watan Fabrairu na 1995 baƙi fiye da 50,000 sun bar ƙasar. Tun daga lokacin, tambayar "daga ina ka fito" ta daina zama gaisuwa a kunnen wasu, ta koma kamar bincike. Mai takarda yana gudun kada ya jawo wa kansa nauyin marar takarda, marar takarda kuma yana gudun kada a tona shi.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne ciwo, shi ne abin da ya samu makiyaya a gida. Masu tare hanya da ake kira zargina sun addabi Afirka ta Tsakiya da arewacin Kamaru shekara da shekaru, satar mutane don kuɗin fansa ta tashi rugage da yawa a Adamawa ta Kamaru, ga kuma halin da Zamfara da Katsina da Sakkwato suka shiga. Wanda ya sayar da shanu 30 ya fanso ɗansa, kuma ya san wani ne ya kai rahotonsa, ba za a ga laifinsa ba idan ya daina sakin jiki da baƙuwar fuska. Da wannan tsoro mutanenmu suke isowa nan.

Sannan cutar korona ta zo a 2020 ta ƙarasa abin da ya rage. Aka rufe masallatai watanni, aka hana musafaha, aka rufe fuska da ƙyalle, aka sa dokar hana fitar dare da ta kai har 2022. Cuta ta tafi, doka ta tafi, amma ɗabi'ar nesa-nesa ta zauna.

Mun san wasu za su ce, ai Sakatare ka faɗi dalilan da bakinka, zamani ne ya canja, kuma mai tsoro shi ne mai tsira. Muna girmama wannan magana, amma muna roƙo a duba ta da kyau. Waɗanda aka sace wa 'ya'ya za su shaida cewa mai kai rahoto galibi wanda ya san gidan ne, ya san yawan shanun, ya san ranar da aka dawo daga kasuwa. Wanda ya yi sallama a bakin hanya yana neman ruwa bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kuma idan ma mugu ne, ai gaisuwar ita ce tarkonsa. Ɓarawo ba ya son a zaunar da shi a tambaye shi ɗan gidan wa ne, wane Arɗo yake bi, wa ya sani a garin. Unguwar da ba a gaisawa ita ce wadda mugu yake shiga ya fita ba wanda ya tanka masa, don ba a bambance ɗan gari da baƙo. Har ila yau, gaisuwa daban, tona asiri daban. Iyayenmu sukan yi rabin sa'a suna gaisawa da mutum, su ba shi fura, su raka shi, amma ba a taɓa jin Bafulatani ya faɗi yawan shanunsa ba. Sun haɗa sakin fuska da kame baki. Mu ne muka kasa riƙe biyun, muka zubar da na farkon.

Yanzu mu dubi hasarar da muke yi, tunda mu 'yan kasuwa ne, lissafi muka fi ganewa. Lamuni ya ja baya, domin ba mai tsaya wa wanda bai sani ba, kuma ba a sanin mutum sai an zauna da shi. Ƙaramin falke da ba shi da tsabar kuɗi ya rasa ƙofar shiga. Ƙorafin da ya fi zuwa gaban reshe a 'yan shekarun nan shi ne na cinikin waya: an tura kuɗi a kan hoton rago, rago ya iso ba shi ne na hoton ba, ko ma bai iso ba sam, kuma idan muka tambaya wa ya haɗa ku, wa ya shaida, sai a nuna mana lamba. Lamba ba ta da uba, ba ta da unguwa, ba a kai ta gaban Sarkin Hausawa.

Mu kuma tuna cewa daskararren naman da jirgi yake kawowa ya fi namu araha. Abin da yake sa ma'aikacin gwamnati ya bar babban kanti ya zo wurinmu neman ragon suna ko san biki shi ne yana son ya ga dabbar da idonsa, ya kuma ga fuskar mai ita ya amince. Idan muka ɗaure fuska muka zama kamar na'urar sanyi, to na'urar ta fi mu sauƙin kuɗi.

Akwai hasarar da ta fi ta kuɗi. Sau biyu a 'yan shekarun nan ana kiran reshe zuwa wani asibiti a kan gawar mutumin da kamanninsa da tufafinsa suka nuna namu ne, amma aka yi kwanaki ana cigiya kafin a sami wanda ya san garinsu. Mutum ya yi watanni a cikinmu, yana salla a sahunmu, ba wanda ya taɓa tambayarsa sunan mahaifinsa. A zamanin fatoma wannan ba ya yiwuwa.

Sai kuma zamanmu da masu ƙasa. Mu baƙi ne a nan, ko da yake akwai Hausawan da kakanninsu suka zauna a Oyem da Bitam tun zamanin Faransa, waɗanda ba su da wata ƙasa sai wannan. Tarihi ya nuna mana iska tana juyawa: Gana ta kori baƙi a 1969, Nijeriya ta kora a 1983, a nan ma an kori mutanen Benin a 1978, an kuma far wa mutanen Kamaru a 1981. Dattawanmu da suka ga irin waɗannan ranaku sun sha gaya mana cewa wanda maƙwabcinsa ya san shi, shi ne aka ɓoye wa kaya, shi ne aka yi wa shaida. Da ɗan gari akan ci gari. Shi kansa birnin Libreville an kafa shi ne a 1849 domin a zaunar da bayin da aka ƙwato daga jirgin ruwa, wato da karɓar baƙo ya fara. Mutanensa suna girmama kalmar "mbolo" har suka raɗa wa wani babban kanti sunanta. Abin kunya ne a ce mu da ake yi wa kirari da doguwar gaisuwa, tsohuwa mai rogo ce za ta koya mana ita. Waɗanda ke gida ma sun san wannan karatu: muddin manomi da makiyayi suna gaisawa a bakin gona, ana musayar taki da harawa, nono da hatsi, ɓarna takan ƙare a gaban mai unguwa. Ranar da gaisuwa ta yanke, ɓarnar kunya biyu sai ta zama jini.

Mun ji a rediyo cewa a shekarar 2018 ƙasar Ingila ta naɗa minista musamman domin matsalar kaɗaici, Japan ma ta bi sahu a 2021. Su sun yi nisa har sai da gwamnati ta shigo. Mu ba mu kai can ba, maganin yana bakinmu, kuma ba a sayensa da ko dala.

Saboda haka reshenmu ya tsayar da waɗannan shawarwari, muna kuma kira ga sauran rassa su duba su. Na farko, duk ɗan ƙungiya da ya ga mutum tsaye da dabbobi a inda ba a saba tsayawa ba, wajibi ne ya tsaya ya yi sallama ya tambayi lafiya, ko da sauri yake yi. Na biyu, muna roƙon iyaye da iyayen gida a Ngaundere da Yawunde da Kye-Ossi da Bitam, duk yaron da za a turo a rubuta masa sunan mai masaukinsa da unguwarsa da lambarsa a takarda ya sa a aljihu, kada a dogara da waya kaɗai. Na uku, daga saura mako guda Babbar Sallah reshe zai ajiye mutum biyu da jarkokin ruwa a wuraren da motoci suke sauke raguna. Na huɗu, dillalanmu kada su faɗi farashi sai an gaisa, kuma duk baƙuwar fuska da aka gani a masallaci sau uku, liman ko na'ibi ya tambayi sunansa da garinsu a rubuta a littafin reshe. Na biyar, kowa ya koyi gaisuwar maƙwabtansa da harshensu, ya koya wa 'ya'yansa, ya kuma riga su gaisuwa ko da ba su amsa ba a ranar farko. Wanda Allah Ya ba gida mai katanga kuwa, ya ajiye benci a ƙofa ya riƙa zama bayan la'asar, tunda ba a gina masa zaure ba.

Ranar Sallah mun ɗauki cinyar rago mun kai wa tsohuwar nan, muka yi mata godiya a madadin mahaifin yaron da ƙungiya baki ɗaya. Ta karɓa tana mamaki, ta ce ita ba ta ga abin da ta yi ba, yaro ne ta gani a rana. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita kuwa ko tabarmar ba ta da ita a wurin. Muna fata shekara mai zuwa, idan wani ɗanmu ya sauka a bakin hanyar nan, ɗaya daga cikinmu ne zai riga ta.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya kai matafiya gida lafiya, Ya ba ƙasashenmu da ƙasar da ta sauke mu zaman lafiya, amin. Wassalam.